Aiki da Godiya

A kamfanin da Auta ta samu aiki, taron safe a tsaye ake yin sa. Ga kujeru nan lafiyayyu masu taya, amma ina, sai kowa ya bar tasa a zo a kewaye farin allo kamar masu jiran bas. Dogo, shugaban rukuninsu, zai riƙe kofin shayinsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar da ba ta canzawa: ya aikin, akwai abin da ya tsayar da kai?

To, ita Auta 'yar gidansu ce. A gidan da ta tashi, in an ce da kai ya aiki, da godiya ake cewa, ko da kuwa aikin ya karya maka ƙugu. Babanta ya yi jinya har ya koma ga Allah bai taɓa amsa "ya jiki" da wani abu ban da "da sauƙi" ba. Sai ga ta a ƙasar mutane, ta sha sanyi ta sha karatu har ta karɓi digirinta na kwamfuta, wai yanzu da sassafe, gaban jama'a, ta buɗe baki ta faɗi inda ta gaza. Haba! Kullum in layi ya zo kanta sai ta yi murmushi ta ce, "Komai lafiya, ana kai." Dogo ya gyaɗa kai ya wuce na gaba.

Abokan aikin kuwa mamaki suke ba ta. Mai Keke, wanda kullum ke shigowa da hular kwano a hammata, ya fi kowa daɗewa a wurin, gemunsa har da furfura, amma ko a jikinsa zai ce, "Jiya ban tsinana komai ba, abin nan ya gagare ni." Auta takan sunkuyar da kai ta taya shi jin kunya, tunda shi ba shi da ita.

Alhali ita ce ta maƙale, maƙalewa ba ta wasa ba. Manhajar da suke kula da ita tana tura wa marasa lafiya saƙon tuni kafin ranar ganin likita, sai aka lura wasu na samun saƙon sau biyu, aka ce Auta ta gano dalili. A kwamfutarta komai sumul yake tafiya. Kafin ta ga inda abin ke lalacewa sai ta shiga rumbun bayanan gwaji na kamfanin, shi kuma duk sanda ta gwada, allon ya ce ba ta da izini. Ta ɗauka wata dabara ce da kowa ya sani sai ita, kuma in ta tambaya asirinta ya tonu. Sai ta zauna tana ƙirƙirar marasa lafiyan ƙarya da hannunta, sunaye da ranaku da lambobin waya, ko Allah zai sa matsalar ta leƙo. Ko alamarta ba ta gani ba.

Ga shi tana cikin watannin gwaji. Ƙarshen wata Dogo zai ce a riƙe ta ko a sallame ta, takardar zamanta a ƙasar kuma a ɗaure take da aikin nan. In an sallame ta, sai haɗa akwati. Tsoro ya hana ta cin abincin kirki, har zobenta ya soma juyawa a yatsa.

Ranar Lahadi da rana ta kira gida ta bidiyo, tana zaune kan gado a ɗan ɗakinta, jingine da bututun ɗumama ɗaki. Yayarta ce ta ɗauka, ta miƙa fuskar wayar ga Umma.

"Umma, ya jiki, ya gida?"

"Lafiya lau, Autana. Ya aiki?"

"Da godiya."

Sai hoton ya girgiza. Yaya ce ta karkatar da wayar ƙasa. "Ga lafiya lau ɗin nan, ki gani da idonki."

Ƙafar Umma ce, ta kumbura suntum daga idon sawu har ƙwauri, fatar tana sheƙi. Auta ta matso da wayar kusa da idonta.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Ta daɗe," in ji Yaya. "Ni ma zani na ɗaga na gani. Kullum sai ta ce gajiya ce."

Ran Auta ya ɓaci, ta manta da uwa take magana. "Haba Umma! In ba ki faɗa ba ta yaya za a taimake ki? Mu masu duba ne? Abin da likita zai gyara tun farko kin zauna kina ta fama ke kaɗai!"

Umma ta karɓe wayar, ta kawo fuskarta kusa har hancinta ya cika allon. "Kin gama? To ke zo nan. Wannan wuyan naki da ya yi tsawo, da idon da ya faɗa, su ma godiyar ce?"

Can gefe Yaya ta fashe da dariya. "Kun ga gado! Wallahi ku biyun nan sai a hankali."

Sai kuka ya zo wa Auta, ta kwashe komai ta faɗa musu, da saƙon da ke zuwa biyu, da rumbun da ya ƙi buɗuwa, da ƙarshen wata. Umma ba ta san rumbun bayanai ba, amma ta san rufaffiyar ƙofa.

"Au, ƙofa aka rufe, kika koma bayan gida kina haƙa rami? Ki ƙwanƙwasa mana, 'yar nan! Ni ƙafata ce, ni kaɗai take ci. Ke kuwa aikin mutane ne a hannunki."

"Ke ma ba ke kaɗai take ci ba, Umma."

Sai Umma ta ce da Yaya ta nemo mota gobe da safe su je asibiti.

Litinin aka kewaye allo. Mai Keke ya zuba nasa ƙorafin, na kusa da shi ya yi nasa, layi ya iso kan Auta. "Komai lafiya" ya riga ya hau harshenta, ta haɗiye shi da ƙyar.

"Na maƙale," ta ce. "Rumbun gwaji ba ya barina in shiga. Ban ci gaba ba ko kaɗan."

Dogo ya ajiye kofinsa. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ba ni aikin saƙon nan."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Kash! Ni ne ya kamata in nema miki izinin. Shaf na manta." Nan a tsaye ya latsa wayarsa, kafin a watse ƙofar da ta hana ta barci ta buɗe. Mai Keke ya turo kujerarsa gefenta, ya ga tulin marasa lafiyan da ta ƙirƙira, ya yi dariya har da tari, ya ce a adana su, za su yi amfani wurin gwaji. Kafin la'asar sun gano abin: in layin intanet ya yi nauyi, manhajar sai ta ɗauka saƙon bai tafi ba ta sake turawa.

Da yamma Dogo ya kira ta ƙaramin ɗakin gilashi. Ba ya dariya.

"Rabin laifin nawa ne, rabi naki," ya ce. "Duk kwanakin nan mutane na ta samun saƙo biyu, wasu tsofaffi suka ruɗe, har zuwa asibiti suka yi a ranar da ba tasu ba."

Wannan ya soke ta fiye da zancen kora. Ta ce, "A yi haƙuri."

"Na daɗe ina kokwanto a kanki. Hannunki yana da kyau, na gani. Amma wanda bai taɓa maƙalewa ba, ban san yadda zan yi aiki da shi ba. Zan ce a riƙe ki. Sai dai in na tambaye ki da safe, ki sani ba gaisuwa nake yi ba."

"To," ta ce.

Ta fito, daɗi da kunya sun cakuɗe mata. Mai Keke ya riga ya ɗaura hular kwanonsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ya aka yi?"

"An riƙe ni. Tsoro na ji kamar in mutu." Ta ja numfashi. "Kuma akwai wani wuri a gyaran nan da har yanzu ban gane ba."

Ya kwance hular ya ɗora a kan tebur, ya jawo kujera. "Nuna mini."