Surin Gonar Baffa Jumare

Tun da Mukarrama ta fara shanya naman kaza, irin mai tsirowa a ƙasa bayan ruwan sama, a ƙarƙashin gadonta, aka ware mata kwano a gidan. Inna Lantana, matar baffanta, ta dai daina barinta ta taɓa tukunya.

"Hannun da ke tsintar laimar kwaɗi ba ya tuƙa mana tuwo," in ji ta.

Mukarrama ta ɗauki kwanonta ta koma ɗaki, kai a sama. Binciken kammala digirinta ne. Tana jiƙa busasshen naman kazan, ta tace, ta ɗiga cikin wani ruwa mai launin shuni. In ya koma ruwan ɗorawa, alama ce yana da sinadarin da ke kare jiki daga lalacewa. Gwajin farko ya yi, amma malaminta ya ce sai ta maimaita da sabon tsinka. Irin da take nema kuwa, duk yawonta a garinsu Taba, suri ɗaya ta samu yana fitar da shi, na gonar Baffa Jumare. Shi kuma gara ta dami masararsa, har ya sayo magani.

Da safe ya iske ta zaune a kan surin.

"Sauka, 'yar boko."

"Baffa, in ka zuba, aikina ya mutu. A jira ruwa ɗaya."

"Masarata ita ma digiri take yi?"

"Sai dai ka zuba har da ni."

Ya yi tsaki ya tafi. Ruwa ya ƙi zuwa. Kullum tana can, rana na dukanta, masu wucewa na rage murya. Wasu suka ce aljanu ne. Ƙawayenta suka daina gaishe ta.

Ranar da aka yi ruwan, washegari ta tarar naman kazan sun fito farare, ba su cika tafin hannu biyu ba. Tana tsinka Baffa na tsaye da galan ɗin maganin. Tana sauka ya zuba.

Bayan sun bushe ta kai su jami'arsu a Zariya. A ɗakin gwaji ta ɗiga, shunin ya dusashe a hankali, ya koma ɗorawa. Ta zaro waya, ta bi sunaye har ƙasa, ba ta ga wanda za ta yi wa albishir ba, ta mayar da ita jaka. Sannan ta ɗauko kwalba ta gaba.