Ƙahon da Mamman ya kafa a bakin tabki

Ni Dije, duk Madarumfa an san bakina ba ya riƙe magana. Amma akwai guda da na riƙe, kuma ƙanena Mamman ne ya ja mini.

A damanar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Mamman ne ladanin masallacin unguwarmu. Mutum ne da ko laya ya gani a wuyan jariri sai ya yi wa uwar wa'azi. To, sai ga labari wai an ga ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle, kafe bisa sanda a ƙarshen gonarsa ta bakin tabki. Irin abin nan ne da ake kafa wa ɓarayin gona, wanda aka ce duk mai tsallake shi cikinsa zai kumbura. Liman ya kira shi ya tambaye shi. Mamman ya ce shi ya kafa, amma ya ƙi faɗin dalili. A ranar aka karɓe kiran sallar aka ba wani.

Raina ya ɓaci. Na same shi a zaure na ce, "Kai Mamman, taɓuwa ka yi? Gidanmu da allo aka san shi, ka mai da mu abin nuni a bakin rijiya!"

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

Haƙurin me? Da hantsi na ɗaura zane na nufi gonar, na rantse sai na tumɓuke abin na jefa a ruwa. Na ratsa dawa, na shiga taɓo har gwiwa. Ina kai hannu ga sandar sai na ji motsi a cikin ciyawa.

Gauraka ce, tsaye gab da ni. Tsarki ya tabbata ga Allah! Doguwa, baƙa wuluk, kumatu fari da ja, ga tukkun nan a ka kamar an tsefe zangarniyar gero. Rabona da ganinta kusa haka tun ina budurwa, lokacin da suke sauka tabkin nan garke-garke. Mijin na gefe, tsakaninsu 'ya'ya biyu masu gashi ja-ja suna tuntuɓe a ciyawa. Na manta abin da ya kawo ni.

"Sauke hannunki a hankali," in ji Mamman daga bayana. Ashe ya biyo ni.

Da muka fito tudu ya gaya mini. Wani Tanko, mai kai tsuntsaye garin Ɗan Issa a tsallaka iyaka da su zuwa gidajen masu hali, yana yawo bakin tabki yana tambayar masu su inda gauraka ke kwana. 'Ya'yan yake nema tun ba su tashi ba, a karya musu fiffike su girma a tsakar gida. Mamman ya ce ya zaga tabkin kaf, ya tambaya har wajen garin Gabi, waɗannan kaɗai suka yi sheƙa bana.

Na ce, "To ba sai ka hana shi da baki ba?"

"In na ce kar a shiga, na nuna masa wurin ke nan. Tanko ba ya tsoron Allah, Yaya, amma yana tsoron ƙaho. Babu kome a cikinsa. Na ragon layyarmu ne."

"Sunanka fa?"

Ya duƙa yana kankare taɓo daga ƙafarsa da kara.

Wata biyu na yi ina haɗiye magana. Ɗelu maƙwabciyata ta dinga yi mini habaici a wurin daka, wai na gaba ya yi gaba, na baya sai tsafi. Ni da ba a taɓa kayar da ni a faɗa ba, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da daka. Na ji zafi ƙwarai. Amma duk sanda na ga Mamman ya wuce masallaci ya tsaya a sahun baya, wani na kiran salla da muryar da ba ta kai rabin tasa ba, sai in ji girmansa ya cika mini ido.

Ranar da aka fara yankan dawa ya aiko a kira ni. Muna tsaye a tudu gaurakin suka tashi su huɗu, iyayen a gaba suna kuka garr, garr, 'ya'yan na bin su da kyar, har suka tsallake ruwan. Na rangaɗa guɗa ban sani ba.

Na gyara ɗaurin zanena na ce, "Alhamdu lillahi! Yanzu sai gidan liman. Yau duk garin nan sai ya ji gaskiya, Ɗelu ce ta farko."

Mamman ya riƙe mini gefen mayafi.

"Yaya," ya ce, "gauraka inda ta yi sheƙa bana, nan take dawowa baɗi."