Maganar Hannu a Ɗakin Likita

Likita ba ta gama juyo da fuskar kwamfutar ba Malama ta ji an taɓa mata gwiwa. Mijinta ne. Kafinta ne, kurma tun haihuwa, kuma duk inda suka shiga ita ce kunnensa ita ce bakinsa. A makarantar kurame take koyarwa, can suka haɗu ranar da ya zo gyaran bencina.

"Sakamakon ɗan naman da muka ɗiba ya fito," in ji likita. "Kansar mama ce. Ta taɓa kaluluwar da ke hammatarki ta dama, amma ba ta wuce nan ba. Huhu da ƙashi duk lafiya."

 Mijin ya sake taɓa Malama, idonsa a kan hannuwanta. Ta ɗaga su, ta yi masa alamar ɗan ƙurji ne, ba komai.

Ya dubi likita, ya dubi matarsa, ya girgiza kai.

"Ba haka ba ne," ya ce da yatsunsa. "Ɗan ƙurji ba ya sa likita ta cire tabarau. Maimaita."

Ta maimaita, wannan karon ba ta rage ko kalma ba. Sai da ta ga maganar na fita daga yatsunta sannan ta yarda ita ake nufi.

Likita ta shimfiɗa musu hanya biyu. Ko a yi tiyata yanzu a kwashe kaluluwar duka, ko a fara da ruwan maganin kansa na wasu watanni, in ciwon ya ja baya a cire kaɗan, sannan a yi gashi da na'ura. Maganin yana jijjiga mutum, gashin kai zai zube. Kwashe kaluluwa duka kuwa kan bar hannu da kumburi da nauyi.

"Hannun daman?" in ji Malama.

"Shi."

"Likita, da shi nake koyarwa. Da shi nake faɗa da wannan bawan Allah."

A baranda yayarta na jira, ta riga ta karanta labarin a fuskokinsu. Da aka faɗa mata bayanin likita, ta kama kafaɗar Malama.

"Kada ki bari su sa miki wuƙa, ƙanwata. Ruwan nan kuma shi ya ƙarasa maƙwabciyata. Akwai wani mai maganin gargajiya, in kai ki gobe."

"Yaya, maƙwabciyarki sai da abin ya fashe ta zo asibiti."

"To ai sai ki bari a yi shawara a gida."

"A yi. Amma jikin nawa ne, kuma na ji bayanin da kunnena, na faɗe shi da hannuna."

Kafintan ya matso yana tambayar me ake cewa. Da Malama ta fassara masa, ya yi ɗan tunani.

"Zaɓi abin da zai bar min ke," ya ce. "In hannun ya yi nauyi ma ba asara. Shekara da shekaru kina min surutu da hannu biyu, na huta da rabi."

Dariya ta kufce mata har da hawaye. Ta bar su nan tsaye, ta koma ta ƙwanƙwasa ƙofar likita. Ta ce a fara da maganin.

Watannin ba su zo da wasa ba. Gashinta ya zube, ruwan sha ya koma ɗanɗanon ƙarfe, wata rana ko cokali ba ta iya ɗagawa. Yaya, wadda ta rantse ba za ta taka ɗakin ƙarin ruwan ba, ita ta fi kowa zuwa, tana mita tana riƙe mata robar amai. Bayan tiyata kafintan ya kafa mata dogon katako a bangon ɗaki, kullum tana tattaka shi da yatsu zuwa sama, tana cije leɓe, har ranar da ta shafo saman ƙofa.

Da suka koma karɓar sakamakon abin da aka cire, likita ta yi murmushi tun kafin su zauna.

"Maganin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Ba a sami ƙwayar cutar mai rai ba, ko a maman ko a kaluluwar. Saura gashin na'ura, sai mu ci gaba da duba ki."

Malama ta rufe ido, ta yi hamdala a hankali. Ta ji mijin ya matso.

"Likita, ke za ki faɗa masa. Yi haka." Ta nuna mata alamar an share tas.

Likita ta ajiye biro, ta tattara hankalinta, ta kwaikwaya. Kafintan ya ƙura mata ido, ya sunsuna hammatarsa, ya juyo wurin matarsa a ruɗe.

"Me ya sa take cewa in je in yi wanka?"

Malama ta kifa kai a tebur tana dariya. Ta kamo hannun likita ta gyara mata yatsu biyu. Likita ta sake yi.

Wannan karon ya gane. Ya sa tafukansa biyu ya rufe fuska, su kuma suka jira shi.