Dariyar da Ta Ƙone a Gilashi

Talabijin ɗin gidan Mai Agogo irin wanda ake kira filasma ne, faffaɗa, mai nauyin tsiya, sai da ƙarti suka yi nishi kafin ya hau teburi. Idan ya daɗe a kunne bayansa kan yi ɗumi, kyanwar gidan ta je ta kwanta a jikinsa. Baƙinsa baƙi ne wuluk, korensa kuwa har kana jin kamar ka tsinki ganye.

Mai Agogo ya daina gyaran agogo tun da idonsa ya yi rauni, amma son abin mamaki bai bar shi ba. Matarsa, wadda 'ya'ya ke kira Iya, mace ce mai tsare gida. Ba a cika ganin haƙoranta ba.

Wata rana autarsu tana ɗaukar bidiyo a tsakar gida, sai kujerar roba ta ɓalle da Mai Agogo, ya tafi ƙasa ƙafafu sama. Iya ta tuntsire da dariya, kai a baya, baki buɗe, wushiryarta a fili. Da aka saka bidiyon a talabijin, tsohon ya gano maɓallin da ke tsayar da hoto, ya tsayar daidai nan. A tunaninsa ya sami hoton bango mai haske.

A makon ne Iya ta tafi jinyar ƙanwarta. Ta daɗe. Kullum sai Mai Agogo ya kunna, ya tsayar da dariyar, ya bar ta tun safe har yamma, yana shan shayi suna hira.

Ranar da ta dawo aka kunna labarai. Ga mai karanta labarai cikin farar riga yana zancen ambaliya, fuska a murtuke, ga kuma wata inuwa a kafaɗarsa ta wage baki.

"Malam, mene ne wancan?"

"Ke ce!" Ya tafa hannu. "Tsohuwa, ke ce wallahi! Dubi wushiryar!"

Aka canza tasha. Jirgi yana ratsa farin gajimare, Iya tana cikin gajimaren. Aka koma ƙwallo, tana cikin fili 'yan wasa suna bi ta cikin bakinta. Mai Agogo ya yi ta latsa rimot yana tsalle a zaune, yana neman inda ta fi fitowa. Ya gano a kan fari ta fi kyau, a cikin duhu kuwa sai ta ɓuya.

Matsalar ita ce ƙawayenta da ke zuwa kallon wasan kwaikwayo da rana. Ana tsakiyar wurin kuka, jaruma tana sharɓar hawaye jikin farin bango, sai wata ta dubi Iya ta ce, "Ke 'yar'uwa, ana mutuwa kina dariya?" Ɗakin ya kaure da dariya. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da su har da faɗowa daga kujera.

Da suka watse Iya ta tsaya a kan mijinta. "Ko a goge ni, ko in kira mai sayen ƙarafa ya ɗauke shi. Zaɓi."

Auta ta kawo mai gyara. Ya saka farin hoto, ya ja baya, ya gintse dariyarsa da ƙyar.

"Baba, wannan ƙonewa ce. Gilashin nan cike yake da 'yan ƙananan fitilu. Inda ka bar haske wuri ɗaya, su suka gaji, suka riga 'yan'uwansu tsufa."

"To wanke shi," in ji Iya.

"Ba ya wankuwa, Mama. Akwai wani farin layi da zan saka ya riƙa kai-komo. Ba goge ki zai yi ba, sauran gilashin zai tsofar har su kusa zama ɗaya. Za ki dushe, shi ma hasken zai ragu."

Mai Agogo ya riƙe baki. "Ka ji! Ashe tsufa ne ya zana ta!" Sai ya juya ga matarsa, muryarsa ta sauka. "Tsohuwa, tun da na aure ki nake farautar dariyar nan. Sau ɗaya ta tsaya. Ki bar mini ita."

"Ni kaɗai za a riƙa yi wa dariya a unguwa?"

Ta juya tana duban farin gilashin. Gefen hagu duk ita ce. Gefen dama fes, babu komai.

"Yaro," ta ce da mai gyara, "wancan gefen ma zai iya ƙonewa?"

"Sosai, Mama. Amma ni gyara aka kira ni, ban taɓa..."

"Auta, kawo bidiyon nan."

Iya ta karɓi rimot da kanta. Ta wuce inda mijinta ke zaune tsaf da hularsa, ya ce "Nan! Nan na yi kyau!" ba ta ko kalle shi ba. Ta tsaya inda kujera ta ɓalle: ƙafafu sama, takalmi ɗaya a iska, ido waje. Mai gyara ya gyara hoton ya koma dama, ya rufe hagu da baƙi, ya ƙure haske, yana cewa shi dai kada a faɗa wa kowa shi ya yi wannan aiki.

Kwanaki aka yi ba labarai, ba wasan kwaikwayo. Kowace safiya Mai Agogo ya saka fari ya leƙa ko ya fara nuna, kamar mai duba tukunya. Tafin ƙafarsa ne ya fara fitowa. Ya zaga gidan yana shela.

Yanzu idan mai karanta labarai ya fito da farar rigarsa, a kafaɗarsa ɗaya tsoho ne ke faɗuwa, a ɗayar tsohuwa tana masa dariya. Ƙawayen Iya sun ƙaru, har da waɗanda ba ta sani ba. Mai sayen ƙarafa ya leƙo sau ɗaya, ita da kanta ta kore shi. Wani lokaci kuma, idan gajimare ya cika gilashin, Mai Agogo yakan saci kallon gefensa, ya tarar da wushiryar nan a waje, ba a cikin talabijin ba.