Turken da Sabo Ya Yar

Da aka raba gadon mahaifinsa, gonar bakin rafi ce ta faɗo wa Kamaruddeen. Bai daɗe da gama sakandare ba, ya fi yarda da takarda, don haka ya ɗauko safiyo, mai awon filaye, daga Dawakin Tofa. Safiyon ya tono wani turken siminti mai lamba, na zamanin Turawa, ya ce daga nan iyaka ta tashi.

Turken kuwa a cikin gonar maƙwabcinsu tsoho Buwai yake, kunya shida bayan gambar da ta raba gonakin tun kaka da kakanni. A cikin kunyoyin nan, gindin ɗorawa, aka binne uban Buwai.

Ran Lahadi Buwai ya biyo ta gonar daga coci, ya tarar da Kamaruddeen a wurin. Bai yi musu ba. Ya daɗe yana kallon turken.

"Ɗan Malam," ya ce, "in za ka yi huɗa, ka bar wa tsohona wajen kai."

Maganar ta tsaya wa Kamaruddeen a rai. Ya koma gida ya tarar da kakarsa, Inna Maimunat, tana ɓarar gyaɗa. Ya gaya mata komai.

"Turke mai lamba?" ta ce. "Ai kakanka Sabo ne ya ɗauko shi a ka, shi da uban Buwai, suna karɓa-karɓa. Aikin tilas. Tun hantsi babu ko ruwa."

"To, ai Bature ne ya auna, Inna."

"Wane Bature? Yana barikinsa zazzaɓi na kaɗa shi. Wuyan kakanka ne ya gaji, ya ga inuwa, ya yar. Ɗan sandan da ke korarsu ma ya gaji, ya ce a kafa a nan." Ta watsar da ɓawo. "Har kakanka ya rasu ba ya iya waiwaye sosai. Kai kuma mai boko, ka je ka tono."

 A makaranta Kamaruddeen ya zana taswirar ƙasar nan da rula, malami ya yaba masa. Bai taɓa tambayar wa ya ɗauki turakun ba.

Da aka yi ruwan shuka ya fita da garmar shanu. Ya ja kunya har gindin gamba, ya tsaya, ya juyo da shanun.

Buwai na zaune ƙarƙashin ɗorawa. Suka gaisa, suka tambayi juna ruwa.