Darbejiyar Habila da Bencin Baya

"To, mun shirya ke nan," in ji Habila, ya miƙo hannu daga kan tabarma. "Kai ka ɗauki gindin darbejiya, ni ka tsaya mini gaban dattawa."

Dattijo Istifanus ya kama hannun, ya ji shi ba nauyi kamar karan dawa. Ya ce ai ko babu itace zai tsaya, sha'anin Allah ba a ciniki da shi. Habila ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ya sani, amma dai a ɗauki itacen, don shi tun yana yaro bai yarda da alherin da ba a ɗaura wa igiya ba.

Su biyun mutanen ƙasar Zuru ne, neman abinci ya kawo su Anka tun suna da baƙin gashi, katanga ɗaya ta raba gidajensu a bakin hanyar da ta nufi Gummi. Istifanus facin tayar babur yake yi, cikin rana tsaka, ƙarƙashin wata 'yar rumfar buhu. Habila kuwa injin niƙa ya riƙe, ya yi zamanin niƙa dutsen zinari a Yargalma, kuma mutane na cewa ƙurar nan ce ta biyo shi yanzu ta kama masa ƙoda. A ƙofar gidansa darbejiyar take, mai inuwa kamar zaure, kullum ba ta rabuwa da mutane.

Maganar dattawan majami'a kuwa ga yadda take. A 'yar majami'arsu mai rufin kwano, wanda ya yi laifi a fili ana sa shi ƙarƙashin horo: ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, in kuma ya mutu a haka ba a shiga da gawarsa majami'a, addu'ar bakin kabari kawai. Habila ya shiga horo ne wata Kirsimeti da ya zo sujada a buge, ya faɗa kan gangunan da shi ne gwaninsu. Ya bar sha, ya koma, ya sake bari, har dai ya bari na gaske shekaru da dama. Amma bai taɓa neman a ɗage masa ba, wai bencin baya ya fi iska. Sai yanzu da ƙafafu suka kumbura ya ce yana so ya ci jibi kafin ya tafi. Ƙa'ida kuma sai dattijon da ya fi kusa da gidan mutum ya shaida cewa ya tuba, wato dai Istifanus.

Washegari Istifanus ya kwaso famfo da roba da kwanon ruwa ya baje a gindin darbejiya. Inuwa ta yi masa daɗi. Ya jira majalisa ta cika, shiru. Maiturare, maƙwabcinsu na hagu da ke sayar da turare a kasuwa, ya zo ya yi masa sallama, ya ce Allah ya sa albarka a sabon wuri, ya wuce cikin gidan Habila. Masu kabu-kabu su ajiye babur a inuwar, su ce "Baba, a duba mana," su shige ciki. Sai ya riƙa jiyo dariyarsu ta kan katanga. Ashe ba itacen ake zo wa ba.

Abin nan ya daɗe yana cinsa, bai dai taɓa kiran sunansa ba. Shi Istifanus giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba. Shi ke buɗe majami'a, shi ke kulle ta, a benci na gaba yake zama da farar rigarsa. Amma da an tashi sujada samari sai su yi baya, su kewaye mashayi suna tambayarsa yadda aka yi ya rabu da ita. Shi kuma ya ce musu, "Ni ban bar ta har abada ba, ta yau kaɗai nika bari. In na tashi da sahe in ce, Yesu, ga ni, riƙe ni zuwa maraice. Gobe ba tawa ba ce. In kuma kun hwaɗi, ku tashi, ƙasa ba wurin kwana ba ce." Su yi ta gyaɗa kai kamar sun ga annabi. Ba wanda ya taɓa tambayar Istifanus yadda aka yi bai fara ba. Wato sai ka yi birgima cikin kwata sannan a yaba maka wanka.

Ana sauran kwana kaɗan dattawa su zauna, da rana yana goge wata taya, sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya da jarka mai ruwan ɗorawa. Rahila matar Habila ta fito da sauri, ta duba hagu da dama, ta rufe jarkar da gefen zanenta ta shige. Wani wari mai tsami ya biyo iska. Istifanus ya tsaya da taya a hannu. Abin da ya ji a ƙirjinsa ba baƙin ciki ba ne, wani sanyi ne, kamar wanda ya sha ruwan randa.

Ran Lahadi bayan sujada, Fasto ya juyo gare shi ya ce, to, Dattijo, maƙwabcinka. Istifanus ya gyara wuyan riga, ya ce shi bai ce mutum ya sha ba, Allah ya kiyaye shi da ƙazafi. Ya dai ga jarka, ya ji wari, ya ga ana ɓoyewa. Teburin Ubangiji kuma ba wurin gaggawa ba ne. Dattawa suka dubi juna. Fasto ya yi ajiyar zuciya ya ce a ƙara dubawa zuwa wani wata. Jibin wannan wata ya wuce, Habila na kwance a gida. Fasto kuma ya tafi Gummi, inda yake da wata ƙaramar ikilisiyar da yake kula da ita.

Rahila ta daina gaishe shi. Ran nan ta zo ta tsaya nesa da inuwar, ba ta dube shi ba, ta ce, "Shina kiranka."

Ya tarar da Habila jingine da bango, fuska ta kumbura, Maiturare na yi masa fifita. Jarkar na nan a kusurwa, ba a ɓoye ba. Habila ya ce wa Rahila ta zuba wa Dattijo a kofi, baƙo ba ya shiga ɗaki ya fita da ƙishi.

Istifanus ya ce shi ba ya sha.

"Sha, Dattijo," in ji Habila. "In zunubi ne, bisa kaina."

Ya kurɓa. Ɗaci ya kama shi tun daga harshe har cikin kunne, ya tofar a ƙasa yana hawaye. Maiturare ya ce jiƙon maɗaci ne da wasu sassaƙe, yayarsa Lubabatu ce ta aiko daga Bukkuyum, shi ya roƙe ta saboda kumburin. Rahila ta ce daga bakin ƙofa, ta ɓoye ne don kada matan zumunta su ce ta bi boka. Maiturare ya gane maganar ta 'yan gida ce, ya ajiye mafici ya ce bari ya je la'asar.

"Kai da ba ka taɓa sha ba, ina ka san warinta?" in ji Habila, yana dariya a hankali. "Da ni ka tambaya. Ni daga nan nika jin ta ko tana Daki Takwas."

Istifanus ya fara cewa shi abin da ya gani ya faɗa, kuma dattijo amana ce a wuyansa. Habila ya bar shi har ya ƙare.

"Ban yi hushi ba," ya ce. "Tausayinka nika ji. Tawa tana da wari, kowa ya ji ta gare ni, aka kama ni aka taimake ni. Taka ba ta da wari. Shekara nawa kana ɗauke da ita kai kaɗai, ba wanda ya ce maka sannu." Ya numfasa. "Ba ta fi ƙarfin Almasihu ba, wadda ta fi ta ma ya ɗauke mini. Yi yadda nika yi. Ta yau kaɗai. Ka kira ta da sunanta, ka ce mishi ga ta."

Istifanus ya miƙe ya ce yana da taya a ruwa. Ya fita kunnuwansa na zafi. Mashayi, ɗan bencin baya, shi ne yau zai yi masa wa'azi! Ya ce a ransa in Fasto ya dawo zai gyara maganar cikin hikima, ya ce ya ƙara bincike, ba sai ya tsiraita kansa ba. Ya kwana a kan haka, ya wuni, ya sake kwana. Ɗacin maɗacin nan kuwa ya ƙi barin bakinsa, ko tuwo ya ci sai ya ji shi.

Da safe yana buɗe akwatin aiki ya ga Rahila ta fito ba kallabi, ta buga ƙofar Maiturare. Ta wuce ta gabansa, ba ta buga tasa ba. Ya gane jikin Habila ya tsananta, wannan ne ya tashe shi. Ya gwada wayar Fasto ta ƙi shiga. Ya bar kayan a baje, ya hau babur ya kama hanyar Gummi, hanyar da mutane ba sa son bi su kaɗai.

Ya sami Fasto yana gyaran darni. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce jiƙo ne, ba giya ba, kuma da ya ga jarkar daɗi ya ji, don ya daɗe yana hassadar mutumin nan. Fasto ya dube shi, ya shiga ɗaki ya ɗauko ɗan akwatin da ake sa gurasa da ƙoƙo, ya hau bayansa.

Tun daga nesa, da suka shigo Anka rana ta karkata, Istifanus ya hango darbejiya cike da mutane. An shimfiɗa tabarmi, an tattara masa famfo da robobi gefe guda a tsanake. Masu kabu-kabu, matan zumunta, malaman unguwa, duk suna zaune. Majalisar da ya yi ta jira ta zo. Maiturare ya taso ya riƙe kan babur ɗin ya ce, "Sai haƙuri, Dattijo. Ya cika tun azahar. Ya ce in ka zo a hwaɗa maka itacen naka ne, ciniki ya hwaɗa."

A nan ƙofar gida dattawa suka tsaya, Istifanus ya maimaita musu abin da ya gaya wa Fasto, Rahila na ji. Aka ɗage horo. Washegari aka shiga da akwatin gawar Habila majami'a, aka wuce da shi har gaba, kusa da gangunan, inda rabonsa da tsayawa tun Kirsimetin nan.

'Yan unguwa da suka san cinikin sun ce Istifanus ne ya ci riba, ya sami inuwa a bakin hanya da magana ɗaya, ita ma bai biya a kan lokaci ba. Habila ya rasa itace, ya rasa jibin da ya saya da shi. Maiturare dai ya ce shi a kasuwa ya tsufa, bai taɓa ganin wanda ya ci riba yana tafiya kamar an ɗora masa buhu ba, kuma shi ya rufe wa Habila ido, fuskar ba ta wanda aka cuta ba ce.

Ba wanda ya sa Istifanus horo. Amma ran Lahadi, bayan ya buɗe majami'a ya share, sai ya wuce wurinsa na gaba ya tafi bencin baya. Katakon ya yi santsi a gefen taga. Da aka ɗauki waƙa ya dafa bakin bencin, yatsunsa suka faɗa cikin wani ɗan kwarmi, inda Habila ya yi shekaru yana kaɗa ganga da yatsu a kan katakon, a hankali, ba wanda ke ji.