Tayar Baya Ba Iska

Ranar da na fita takaba ban je gidan kowa ba. Matan unguwarmu ta Barking, a Landan, sun so in zaga in yi bangajiya kamar yadda aka saba, ni kuwa keke na jawo daga ƙarƙashin matattakala. Keken mijina ne, Nata'ala, baƙi wuluk, mai sirdin fata da ya sha zama har ya lotsa. Wata huɗu da kwana goma yana jingine a wurin, ina wucewa ina kau da kai.

Nata'ala ɗan Jos ne, ɗan mai gyaran keke. A rumfar babansa ya tashi tare da wani yaro Kirista mai suna Dung, wanda ya zo koyon aiki ya zama ɗan gida. Kwano ɗaya suke ci, bulala ɗaya suke sha. Da rikici ya ɓarke a garin, aka ƙona rumfar, Baba ya rasu a ciki. A makon ne kuma aka kashe Jang, yayan Dung. Kowanne ya binne nasa, kowanne ya kasa taka ƙofar ɗan'uwansa ya yi gaisuwa. Shekara ta zagayo, Nata'ala ya taho Landan da wannan nauyin a ƙirji.

Disambarsa ta farko a nan, ya ga wata bishiyar Kirsimeti a Marylebone, kusa da inda yake aiki, an lulluɓe ta da fitilu. Ya jingina kekensa a gindinta, ya ɗauki hoto, ya aika wa Dung ta gidan waya. Ko harafi ɗaya bai rubuta ba. Da Babbar Sallah sai ga amsa: keken Dung a tsaye kusa da wani ƙaton rago, wanda na tabbata na aro ne. Shi ma babu harafi.

Haka suka yi ta yi. Hoto ashirin da biyu ya tafi, ashirin da biyu ya dawo. Da zamani ya sauya suka koma aikawa ta waya, lambar kowa tana hannun kowa, ta Nata'ala tana fitowa da sunan Baban Zarah, amma ko sau ɗaya ba wanda ya danna kira. Abin ya sha ƙona mini rai. Na ce masa mutane suna cewa zumunta a ƙafa take, ku taku a taya take. Na ce masa matan masallaci suna tambayata ko Baban Zarah ya fara bikin Kirsimeti ne. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge sarƙa. Namiji in ya so taurin kai, dutse ma sai ya sara masa.

Hoton rago na ƙarshe a gadon asibiti ya same shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Hansai, kada Disamba ta wuce Dung bai ga keke ba."

Na ce to. Ban tambaye shi ko in gaya wa Dung gaskiya ba, shi ma bai ce ba. Da ya cika a farkon Agusta, na sanar da Kano, na sanar da Jos, na sanar da abokan aikinsa. Dung kaɗai na tsallake. Dangin mijina sun daɗe da barin waccan unguwar, babu mai kai masa labari in ba ni ba. Ni kuma tsoro nake ji. A ganina ranar da Dung ya sani, ranar ce abin da ya rage na mijina a duniya zai yanke.

Ƙarfe uku na yamma muka fita ni da 'yata Zarah, wadda ta dawo hutu daga jami'a. Ban iya hawa keke ba, turawa nake yi, feda tana bugun ƙwaurina, mayafina yana shiga cikin sarƙa. Keken ya yi nauyi, yana jan ƙafa kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya kashe mini hannu.

A dandalin tsakiyar gari an kafa bishiya doguwa, fitilunta sun fara kamawa domin rana ta kusa faɗuwa. Iyaye suna ɗaga 'ya'yansu ana ɗaukar hoto. Na jira suka rage, na jingina keken a jikin shingen ƙarfen da ya kewaye bishiyar, na juya kansa hagu kamar yadda na ga Nata'ala yana yi.

Zarah ta ce, "Mummy, you have to tell him."

Na ce, "Hoto babanki ya ce in aika. Bai ce in yi jawabi ba."

"But it's like saying he's alive."

"Ke dai riƙe mini jaka."

Ta yi gaskiya, shi ya sa na yi mata tsawa. Na ɗauki hoton da wayar babanta, sai a karo na huɗu ya fito sosai. Ya yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya gani zai rantse mai keken yana tsaye a bayan kyamara, hularsa ta sanyi ta rufe kunnuwa. Na aika, ban rubuta komai ba, muka turo abinmu muka dawo.

Washegari da hantsi ina wanke kofuna wayar Nata'ala ta yi ƙara. Na duba, sunan Dung ne. Shekara ashirin da uku wannan sunan bai taɓa kira ba. Na goge hannu a zani, na zauna a kan matattakala kusa da keken, na ɗauka.

Muryar dattijo ce, a dushe. Bai yi sallama ba, bai nemi Nata'ala ba. Ya ce, "Maman Zarah ce?"

Na ce, "Ni ce."

"Tayar baya ba iska."

Na juya na duba. Ga ta nan kwance a ƙasa, ta baje. Ashe shi ya sa keken ya yi ta ja mini jiya.

Ya ce, "Baba ya sha dukanmu a kan wannan. Ya ce mai gyaran da ya fito da keke ba iska ya zagi rumfar da ta koya masa aiki. Nata'ala ko zazzaɓi yake yi sai ya taɓa taya da yatsa kafin ya fita. Tun jiya nake kallon hoton nan." Sannan ya tambaya, "Yaushe?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya masa. Na gaya masa watan da ranar da cutar, da inda aka binne shi, da abin da ya ce mini a asibiti. Na ba shi haƙuri a kan ɓoyewar da na yi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ina kuka ina magana, shi kuma bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ban yi masa gaisuwar Baba ba. Kullum ina haɗa maganar a baki, in ce sai baɗi. Yanzu ke za ki karɓa. Sannu, Maman Zarah. Sannu da rashin Baba, sannu da rashin ɗan'uwana. Allah ya ji ƙansu."

Na ce amin. Sannan na ce, "Shi ma bai yi maka gaisuwar Jang ba. Sau da yawa na ji shi yana ambatonsa. Sannu, Baba Dung. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, haka Baba ke cewa."

Can ya share murya ya ce, "Akwai famfo a gidan?"

Na ce akwai, a rataye a jikin keken, amma ban san yadda ake yi ba.

"Cire shi. Nemi ɗan bakin ƙarfe a jikin tayar, ki kwance murfinsa. A hankali, kada ya faɗi."

Na kira Zarah ta riƙe mini wayar kusa da kunne. Na durƙusa a kan daɓe mai sanyi, na ɗaura famfon yadda ya ce, na fara bugawa. Daga Jos yake ƙirga mini, ɗaya, biyu, uku, muryarsa tana karyewa yana ci gaba. Tayar ta fara tashi daga ƙasa kaɗan-kaɗan.

Da muka kai talatin ya ce, "Tsaya. Danna da babban yatsa. Ta yi tauri?"

Na danna, na ce, "Da saura."

Ya ce, "To, mu ƙara."